Kundin gyaran gidan burodinmu: shin kuɗin kwansaltan ya fita?

15 ga Janairu, 2024

Yau muka sa hannu da kwansaltan, wato mai ba da shawara kan kasuwanci, wanda zai duba mana yadda muke tafiyar da gidan burodi. Wata uku zai yi da mu, a biya shi kashi uku: ɗaya yanzu, ɗaya idan ya kawo rahoto, na ƙarshe sai an ga abin da ya ce a yi ya fara aiki. Ni na dage a kan wannan sharaɗi na ƙarshe. Shi bai so ba, ya ce su shawara suke sayarwa, aiwatarwa ta mai kaya ce. Da ƙyar ya yarda.

Abin da ya sa muka neme shi a fili yake. Gidan namu a Tudun Wadar Kaduna yana cin fulawa fiye da kowane lokaci, motar rabo tana fita tun kafin asuba ta zaga Rigasa, Kawo, Unguwar Rimi har Kakuri, amma in wata ya ƙare sai an yi ta lalube kafin albashi ya haɗu. Da muka je banki neman rance suka ce mu kawo lissafin shekara biyu. Abin da muke da shi littattafan 'yan makaranta ne, rubutun mutum huɗu, wasu shafukan ma mai ya cinye su.

Baba bai goyi baya ba. Cewa ya yi, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da bai taɓa sa hannu a kwaɓi ba shi zai koya mini burodi?" Na ce, "Baba, ba burodi zai koya mana ba. Kuɗi ne ke zurarewa, ba mu san ta ina ba." Ya ce to, amma in kuɗin ya tafi a banza ni zai tuhuma.

Shi ya sa na buɗe wannan kundi. Ba zan auna aikinsa da riba ba, don riba a wannan zamani ba ta nuna ƙoƙarin kowa. Alkamar da ake yin fulawa da ita kusan dukkanta daga waje take zuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun bara, aka saki naira a watan Yuni, kowane mako dila da sabon farashinsa. Abin da zan riƙa dubawa shi ne burodi nawa ke fita daga buhu ɗaya, nawa ke dawowa ba a sayar ba, da kuma kuɗinmu nawa ke hannun mutane.

29 ga Janairu

Har yanzu tambaya kawai yake yi. Har na fara jin kamar mu ne muke karantar da shi mu kuma biya shi. Amma ya yi abu ɗaya da ya sa na sassauta: ya zo ƙarfe ɗaya na dare cikin wannan sanyin, ya zauna kan benci a ɗakin kwaɓi har aka gama loda mota. A gidanmu ba mai ganin aikin dare sai masu yin sa.

Ma'aikata sun laƙaba masa Mai Laftof. Sun ɗauka an kawo shi ne ya rage mutane, don haka da ya shigo sai hira ta mutu. Shugabansu, wanda muke kira Sarkin Kwaɓi, yana tare da Baba tun da aka gina tandar farko. Ko kallo mutumin bai ishe shi ba.

10 ga Fabrairu

Abu na farko ya fito. Ya zo da ƙaramin sikeli mai lamba a jakarsa, ya yi ta ɗaukar curin kwaɓi yana aunawa daga farkon dare zuwa ƙarshensa. Mu da hannu ake yanka, ido ke awo. Da farkon dare curi yana fita daidai. In gajiya ta shiga, wajen ƙarfe uku, sai ya fara ƙiba. Kuma kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata, domin kowane mai yanka ya san in burodi ya yi ƙanƙanta mai shayi zai dawo da shi da faɗa, in ya yi girma kuwa ba wanda zai ce uffan.

Lissafin ba shi da wuya. Burodin da ya kamata ya zama giram 500, in ya fita da 520, an yi ƙarin kashi 4 cikin 100. Wato a duk buhu 25 an yi kyautar buhu guda, da sukarinsa da botarsa da yis ɗinsa, kuma ba wanda ya gode.

Da aka faɗa wa Baba a gaban kowa, Sarkin Kwaɓi ya buɗe baki karo na farko. "Alhaji, shekara nawa ina cewa a sayo sikeli mai lamba? Wancan mai allurar tun yaushe ya mutu?" Baba ya yi shiru, don gaskiya ce.

To, mun biya kuɗi ke nan don a gaya mana abin da ke cikin gidanmu tuntuni? A wani ɓangaren, eh. Sai dai Sarkin Kwaɓi cewa yake yi sikeli ya lalace, wanda a kunnen Baba yana nufin a fitar da kuɗi. Wannan kuwa cewa ya yi kuna zubar da buhu kaza a wata, ya buga shi da farashin yau, ya rubuta adadin a allo. Magana ɗaya ce, amma ta biyun ce ta sa Baba ya aike ni kasuwar Sheikh Gumi kafin azahar. Na sayo sikeli biyu.

24 ga Fabrairu

Wannan makon ya yi nauyi.

Ya tattara bashin da ke cikin littattafan nan huɗu ya zuba a takarda ɗaya, ya jera su bisa layin rabo da kuma daɗewa. Akwai masu shayin da suka tashi daga inda suke tun bara sunansu yana nan. Akwai wanda ya daina ɗaukar namu ya koma wani gida, da kuɗinmu a hannunsa. Amma babban abin shi ne fiye da rabin bashin yana layi ɗaya, layin Rigasa, wanda Baffa ke karɓar kuɗinsa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, Baffa ba ya cin amana. Mutum ne da ba ya iya cewa a'a. Wannan abokin sahunsa ne a masallaci, wancan surukin wane ne, wancan matarsa ta haihu. Sannan in buƙata ta taso a gida, kuɗin makaranta ko na asibiti, daga jakar yake cira, da niyyar zai faɗa, sai a manta. Kowa a gidan nan ya san haka. Ni ba zan iya faɗa ba, ɗa ne. Umma ba za ta sa baki a tsakanin wa da ƙane ba. Baba kuwa ya gwammace ya yi asara da ya kunyata ƙaninsa.

Kwansaltan bai san duk wannan ba, ko kuma ya yi kamar bai sani ba. Ya karanto shi a matsayin abu na bakwai a jerinsa, da muryar da ya karanta na shida. "Ranka ya daɗe, wannan layin na Rigasa shi ya riƙe fiye da rabin kuɗin da ke waje." Bai kira sunan kowa ba. Ofis ya yi tsit. Baffa ya gyara hula ya ce, "Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa." Baba ya ce, "Haka ne. Amma daga yau a rubuta."

Dokar da aka tsayar: mai shayi ba zai karɓi na yau ba sai ya biya na jiya, mai kanti yana da mako ɗaya. Duk abin da ɗan gida ya ɗauka, kuɗi ko burodi, a shigar da shi shafi na daban da sunansa, har ni, har Baba. Wannan na ƙarshen shi ya sa Baffa bai ji an ware shi ba, kuma dabarar kwansaltan ce, dole in ba shi wannan.

A ganina, abin da muka saya a wannan makon ba ilimi ba ne. Bakin baƙo muka saya. Ya faɗi abin da in ɗayanmu ya faɗa sai an shekara ana gaba, kuma nan da Afrilu zai tafi da haushin da ake ji a kansa. Baffa yana gaishe ni lafiya lau. Kwansaltan ɗin ne ba ya gaida shi, wato Baffa ya daina gaishe shi.

Ƙungiyar masu gidajen burodi ta ƙasa tana barazanar dakatar da aiki a ƙarshen watan nan saboda tsadar kaya. Dala ta haura naira 1,500.

16 ga Maris

An kawo rahoto, ana cikin azumi, bayan la'asar. Tulin takarda ne da Turanci, mai bango mai ƙyalli. Shafukan farko namu ne sak: awo, bashi, katin sito, takardar da za a cike wa kowane kwaɓi. Daga nan sai aka shiga zane-zanen akwati huɗu-huɗu da kibiyoyi. A wani shafi ma an manta ba a goge ba, maganar ledar ruwa ake yi, alamar daga aikin wani kamfanin fiya wata aka kwafo.

Shawarwarin wannan ɓangaren su ne a canza suna da leda, a buɗe Instagram, a yi manhajar da kwastomomi za su riƙa yin oda, a ci bashin banki a kama wuri a Kakuri inda wuta ke zama, a sa tandar lantarki a bar ta itace. Manhaja! Mai shayin da yake kiran direbanmu ƙarfe huɗu na asuba, ko ya tura masa murya ta WhatsApp ya ce a ƙara masa goma.

Baba bai ko kalli zane-zanen ba. Katin sito ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ce, "Ai haka muke yi a masaƙa." Kafin burodi, Baba ya yi shekaru a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da unguwar ke cika da kekuna in an tashi aiki. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ita ce ta farko, ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Ya ce kowane injin saƙa da katinsa, kowace dilar auduga sai an rubuta shigarta da fitarta. Na ce, "To Baba, me ya hana a yi a nan?" Ya ce, "Can akwai wanda aikinsa ke nan. Nan ni kaɗai ne."

Wannan ya yi daidai da wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da David McKenzie na Bankin Duniya da abokan aikinsu suka yi a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya. Sun raba masana'antun gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka tura wa kashi ɗaya kwansaltan na kamfanin Accenture suka zauna da su watanni, ɗaya kashin aka duba su kawai aka tafi. Waɗanda aka zauna da su, abin da suke samarwa da ma'aikata da injinan da suke da su ya ƙaru da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Abin da aka koya musu kuwa ba wani sirri ba ne: a rubuta kowane aibin da aka samu a yadi, a tsara sito, a duba inji kafin ya lalace. Wato irin shafukan farko na rahotonmu. Abin lura, masu masaƙun ba su biya ko sisi ba, masu binciken ne suka ɗauki nauyi. Mu kuwa yau na biya kashi na biyu.

6 ga Afrilu

Ranar 3 ga wata hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan Band A, masu samun awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku. Duk lissafin tandar lantarki a kan tsohon farashi aka gina shi, kuma irin wannan layin ne aka ce mu koma. Rahoto bai cika wata ɗaya ba, rabinsa ya mutu.

Na kira shi. Ya ce ba wanda ya isa ya hango wannan. Wataƙila. Amma da mun ci bashin, mu za mu biya, shi ya riga ya karɓi nasa.

27 ga Afrilu

Kwangila ta ƙare. Mun biya kashi na uku, domin sikeli yana aiki, dokar bashi tana aiki, alkawari kuwa alkawari ne. Buhu yana ba da burodi fiye da na Janairu, kuma kullum adadin kusan ɗaya ne, ba yau sama gobe ƙasa ba. Bashin waje ya ragu sosai, ko da yake mun rasa wasu masu shayi da suka ji haushi. Waɗanda suka tafi yawancinsu dama ba biya suke yi ba.

Ya nemi mu ci gaba da biyansa duk wata yana leƙowa, ya kuma kawo tayin aiki na biyu kan tallata suna. Mun ce a'a. Ba don shi mugu ba ne. Sana'ar ce haka: wanda abincinsa shawara ce ba zai taɓa rasa wata matsalar da zai nuna maka ba, kuma in ta ɓaci da wuya ya ɗanɗana. Ko manyansu haka ne. Kamfanin ba da shawara na McKinsey, wanda aka kafa tun 1926, sai da jihohin Amurka suka taso shi kafin ya yarda ya biya dala miliyan 573 a 2021, kan shawarar da ya ba kamfanin Purdue ta yadda zai ƙara sayar da OxyContin, maganin da ya jefa ɗimbin mutane cikin jaraba. A Afirka ta Kudu ma sai da abin ya zama abin kunya kafin ya mayar da kuɗin da ya karɓa daga kamfanin wutar Eskom. Gidan burodi a Tudun Wada ba shi da ƙarfin taso kowa. Kariyarmu kawai ita ce mu tace abin da aka gaya mana.

22 ga Yuni

An fara komawa gidan jiya. A rububin babbar sallah aka ture sikeli gefe don wai yana rage sauri, bayan sallah kuma ba wanda ya dawo da shi. Katin sito yana da gibin kwanaki. Baffa ya ɗaga wa mutum biyu ƙafa. Ga damina, burodin da ya kwana biyu sai fumfuna, abin da ke dawowa ya ƙaru.

Masu binciken Indiya sun koma masaƙun nan bayan shekara takwas zuwa tara, suka tarar an watsar da kusan rabin abin da aka koya, galibi saboda manajan da ya iya ya bar aiki, ko mai kamfani ba shi da lokaci. Mu ko wata biyu ba mu yi ba.

Akwai wani binciken da ya fi kusa da mu. McKenzie ɗin nan da Stephen Anderson sun gwada hanya huɗu a kan ƙananan kamfanoni 753 a nan Najeriya: a horar da mai kamfani, a kawo masa kwansaltan, a ɗaukar masa ma'aikacin lissafi ko na talla, ko a ba wani ƙwararre na waje aikin ya riƙa yi. Ɗaukar ma'aikaci da ba da aikin waje sun fi horo amfani, kuma sun yi daidai da kwansaltan a kan rabin kuɗinsa. Na karanta wa Baba. Ya ce, "Ba abin da na gaya maka ke nan a azumi ba?"

Mun ɗauki akanta, wata yarinya da ta gama Kaduna Poly. Albashinta na wata bai kai abin da kwansaltan ya nema na leƙowa ba, ita kuwa kullum tana nan. Ba ta karɓar kuɗi, ba ta fitar da kaya, rubutu kawai da tambaya.

8 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikice, ranar Litinin 5 ga wata gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Mun yi asarar kwaɓin dare ɗaya. Da aka sassauta, Malama akanta ta buɗe littafinta ta nuna layin da kantuna suka fi yawa da layin da masu shayi suka fi yawa, aka rage kwaɓi daidai da wanda zai iya buɗewa. A da, Baba da ka yake yanke wannan, kuma kullum sai ya yi yawa. Takardun da take cikewa na kwansaltan ne, ta dai rage musu layuka ta mayar da su Hausa don direba ya iya cikewa da kansa.

Baffa yana ce mata 'yata. In ta tambaye shi kuɗin wane, sai ya yi dariya ya fito da shi. Ban san yadda ta yi ba, ban kuma tambaya ba.

28 ga Oktoba

Mako guda ke nan Arewa cikin duhu. Layin Shiroro zuwa Kaduna dama ɓarayi sun lalata shi, sai kuma wanda ke kawo wuta ta Binuwai ya faɗi ranar 21 ga wata. Masu tandar lantarki suna ƙona man gas ko sun rufe. Mu injin kwaɓi kawai muke ɗora wa janareta, gashi kuwa itace ne. Masu shayin wasu gidajen suna ta zuwa, kuma duk wanda ya zo kuɗi hannu. Baba bai ce komai ba game da shafin tandar lantarki, sai dai ya tambaye ni ko rahoton yana nan, wai yana neman abin hura wuta.

7 ga Disamba

Wani abokin Baba mai kamfanin yogot a Kawo ya zo yana tambaya ko ya ɗauki irin mutumin namu. Na nuna masa kundin nan. Ga yadda na lissafa masa: fulawar da sikeli ya tsare daga Fabrairu zuwa yau, ban da watan da aka ture shi, ta biya kuɗin kwansaltan. Bashin da ya dawo ƙari ne. Duka biyun daga makonni shida na farko suka fito, lokacin da yake zaune a benci yana awo. Abin da ya biyo baya, wanda ya ci fiye da rabin lokacinsa da kuɗinmu, ko bai yi amfani ba ko da ya cutar da mu. Kuma wanda ya yi amfanin ma da ya bi ruwa tun Yuni ba don Malama ba.

Na ce masa, "Alhaji, in za ka ɗauka, ka ɗauke shi wata ɗaya, ka ba shi tambaya ɗaya. Ka ga ko zai zo aikin dare. Kafin ya zo kuma, ka zaunar da wanda ya fi daɗewa a kamfanin ka tambaye shi me ya gaji da faɗa maka." Ya ce matsalarsa ɗan yayarsa ne ke riƙe da sito. Na ce to wannan kam sai baƙo.

Banki sun karɓi lissafin wata shida, sun ce mu dawo in ya cika shekara. Burodin da ke dawowa shi ne har yanzu bai sauka yadda nake so ba, musamman layin Kakuri, inda mota ke isa a makare bayan masu shayi sun gama cinikin safe. Daga Litinin za mu juya zagayen, a fara da Kakuri a ƙare da Kawo, Malama ta rubuta na mako biyu mu gani.